Sandar Ozias Tuttle

A garinmu Corwin, can cikin duwatsun Massachusetts, in kana so ka rama abin da mutum ya yi maka ba sai ka kai shi ƙara ba. Ka jira taron gari na watan Maris, ka miƙe tsaye da fuskar mutunci ka ce kai dai a ganinka wane ya dace da aikin dogarin gari. Shi ke nan, ka gama da shi har shekara ta zagayo. Dogari ne ke bin gida-gida karɓar haraji yana shan baƙar magana, shi ke bin aladen da ya faɗa gonar wani, shi ke jan mashayi daga bakin majami'a, tasa gonar kuwa ciyawa ta yi ta cin kasuwarta. Abin da ake ba shi kawai wata baƙar sanda ce mai kan tagulla. Wanda aka zaɓa ya ce ba ya yi, tara ce ke jiransa.

A shekarar da aka gama yaƙi da Ingila, sandar tana hannun Ozias Tuttle. Manomi ne da ya ba hamsin baya, mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. In ya ce zai zo maka ranar Talata, ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa za ka ji shi yana kakkaɓe takalmi a bakin ƙofarka. Ya tsani aikin kamar kowa. Amma ya ɗaga hannu ya rantse a gaban jama'a, shi kuwa Ozias bai iya wasa da rantsuwa ba.

Ana saura 'yan kwanaki ya sauke nauyin, sai ga Dattijo Eliphalet Stroud ya same shi da safe yana ba shanu ciyawa. Shi ne dattijon majami'armu, shi ne kuma babba cikin wakilan da ke riƙe da sha'anin gari.

"Maƙwabci Tuttle, ga aikinka na ƙarshe, daga shi sai hutu," in ji Dattijo, ya miƙa masa takarda a naɗe. "Asahel Crane da iyalinsa. Shekararsu za ta cika da shigowar Afrilu."

Ozias bai buɗe ba, don ya san me ke ciki. Doka ce da duk garuruwan yankin suke bi. Kowane gari shi ke ciyar da matalautansa, saboda haka kowane gari yana sa ido kada matalaucin wani ya zama nasa. Baƙo in ya sauka ya cika shekara ba a ce masa uffan ba, ya zama ɗan gari, in ya faɗi mu za mu ɗauke shi. Amma in dogari ya je da sandarsa ya karanta masa gargaɗin barin gari kafin shekarar ta cika, to ba shi da rabo a cikinmu, ana iya ɗora shi a keken shanu a sauke shi a bakin iyaka.

"Dattijo," in ji Ozias, "mutumin nan da sunan Corwin ya tafi yaƙi."

"Na sani. Ai ina wurin."

Lallai yana wurin. Lokacin da gwamnati ta ce kowane gari ya kawo sojoji, an kasa gidajenmu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fitar da namiji ɗaya. Rukunin Ozias da Dattijo Stroud da Jabez Pell mai niƙa kowa yana da saurayi a gida, kowa kuma ya ƙanƙame nasa. Sai suka samo wani ɗan ƙwadago da ke yawo gona-gona, wanda ba shi da garin da zai ce nasu ne, suka biya shi ya tafi a madadin 'ya'yansu. Shi ne Asahel Crane. Ya dawo bayan shekaru da tsohuwar rigar soja, da mata mai suna Keziah wadda ya aura cikin masu yi wa sansani wanki, da jaririya, amma babu hannun dama daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. Suka sauka a wata bukkar masu gawayi da aka bari a bakin daji. Da aka tambaye shi me ya kawo shi nan, ya ce duk tsawon yaƙin in an kira sunansa da Corwin ake haɗawa, bai san wani wuri ba.

"An ba shi haƙƙinsa a lokacin, ba a cuce shi ba," in ji Dattijo. "Ka san matan da yaƙi ya kashe wa maza da ke wuyanmu. Ka san yadda masara ta yi bara. Mai hannu ɗaya yau yana tsaye, gobe fa? Ni ma abin ba daɗi yake mini ba, Tuttle."

Kada a ɗauka mugu ne. Mutumin da ke jan itacen gidansa cikin sanyi ya kai wa marayu, ya dawo ya kwana da bargo ɗaya, ba za a kira shi mugu ba. Tsoro yake kada jirgin ya nutse da kowa in an ƙara ɗaukar mutum, kuma tsoronsa ba na banza ba ne.

Da rana Ozias ya zauna cin abinci, matarsa Hitty ta ajiye masa wake da burodin masara, idonta ya faɗa kan takardar da ke leƙowa daga aljihunsa. Hitty ba ta buƙatar a karanta mata komai, labarin Corwin yana isa kicin ɗinta kafin ya isa ɗakin taro.

"Kai za ka je, maigida?"

"Ni ne dogari."

"Dogari! Allah ya ja zamanin dogari. Leƙa taga ka gaya mini wa ke faskare a can."

Ozias bai leƙa ba. Ya san ɗansu Lemuel ne, yana jin saukar gatarin tun ɗazu.

"Da hannu nawa yake yi?" in ji Hitty.

"Na rantse, Hitty."

"To ci rantsuwar ka ƙoshi." Ta janye kwanon daga gabansa. Ta tsaya riƙe da shi, ta ga yadda ya sunkuyar da kai kamar bijimin da aka ɗora wa kaya fiye da ƙima, sai ta dangwarar masa da shi. Ta naɗe burodi guda a tsumma ta tura masa. "In ka tafi korar, ka kai musu wannan. Ina so in ga yadda mutum ɗaya zai yi biyun."

Washegari da hantsi ya ɗauki sanda da burodi ya nufi bakin daji. Lokacin tsagar itatuwan mapul ne, dare da sanyi rana da ɗumi, ruwan zaƙi na ɗiga cikin akusan katako a gindin kowace bishiya. Tun daga nesa ya hango hayaƙi. Keziah na tsaye kan ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ake dafa ruwan zaƙin ya zama sukari, tana kwashe kumfa, jaririyar na kwance cikin kwando an lulluɓe ta. Asahel na tahowa daga cikin itatuwa da sanda a kafaɗa, bokiti biyu na reto, ya ɗaure wata ƙugiyar itace a dungun hannunsa yana tare na dama da ita. Ko ɗigo bai zubar ba. Ozias ya tsaya yana kallo, ya dubi tarin itacen da aka sara aka jera a jikin bukka, jeri mai kyau da ko a gidansa ba a yi irinsa ba. Kunya ta kama shi.

Asahel ya sauke bokitan, ya ga sandar dogari, ya miƙe ƙyam kamar an kira fareti.

"Na san abin da ya kawo ka, Dogari. Karanta, ba zan ja da kai ba. Na saba da bin oda."

Ozias ya miƙa wa Keziah burodin ba tare da ya iya haɗa ido da ita ba. Ya zaro takardar ya warware. Ya bi layin farko da ido don ya sami abin da zai fara da shi: zuwa ga dogarin garin Corwin, a isar kafin Afrilu. Ya tsaya a nan ya kasa gaba.

Asahel ya ga halin da yake ciki, sai ya nemi ya sauƙaƙa masa, abin da ya ƙara wa Ozias nauyi. "An ce Litinin za ka rabu da sandar nan. Wa za a ɗora wa?"

"Oho. Kowa gudu yake. Jabez mai niƙa har ya fara ɗingishin ƙarya."

Asahel ya ƙyalƙyale da dariya. "Mutanenku da ban mamaki suke! Mu da muka yi gadi cikin ƙanƙara da tsumma a ƙafa, a ce ƙato yana gudun sanda? Ai wannan ba aiki ba ne, yawon shan iska ne."

Ozias ya dube shi. Ya sake duban layin farkon takardar. Ba mutum ne mai saurin tunani ba, amma in tunani ya zo masa yakan zo da nauyinsa. Ya naɗe takardar a hankali ya mayar aljihu.

"Yau ban karanta komai ba. Litinin ka zo ɗakin taro."

"Ba ni da bakin magana a taronku."

"Ban ce ka yi magana ba. Ka tsaya daga baya wajen ƙofa."

Keziah ta ajiye ludayin. Mace ce siririya mai busassun hannuwa, wadda ta bi runduna a ƙafa har ta daina yarda da alkawarin kowa. "Kada ka ja mana rai, Dogari," ta ce. "In kora ce a yi ta yanzu, tun hanya ba ta zama taɓo ba. Da yarinya nake."

"Zuwa Litinin dai, uwargida," in ji Ozias. Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, don shi kansa bai san ko abin zai yiwu ba.

Ranar Litinin mazan gari suka cika ɗakin taro, wanda shi ne majami'armu ranar Lahadi. Babu murhu a ciki, kowa na cikin kwat yana hura hannu, tsofaffi sun ɗora ƙafa kan 'yan akwatunan garwashi. Dattijo Stroud ne ke jan taron. Aka yi ta cacar baki kan gadar rafi, aka yi kan albashin malamin makaranta, har aka kusa ba hammata iska kan shingen makabarta. Mu mutanen Corwin a kan komai muna da ra'ayi. Amma da Dattijo ya ce, "Saura dogari," sai ɗaki ya yi tsit. Wannan ya shiga gyara igiyar takalmi, wancan ya ƙura wa rufi ido kamar yau ya fara ganinsa. Jabez Pell ya miƙe ƙafarsa cikin hanya yana shafa gwiwa yana nishi don kowa ya shaida.

Ozias ya tashi, ya je gaba ya ajiye sandar a kan tebur.

"Na kawo sunan Asahel Crane."

"Na goyi baya!" Jabez ne, har ya manta da gwiwar ya zabura tsaye. Ɗaki ya ɗauka da "Mun yarda! Mun yarda!" kowa na murna wuƙar ta wuce wuyansa. Da wani ne ke jan taron da an wuce wurin a haka.

Dattijo Stroud ya buga tebur. Ya daɗe yana kallon Ozias ta saman tabarau.

"Ku dakata, 'yan'uwa. Ba zan bar gari ya ɗauki kaya yana gyangyaɗi ba. Wanda gari ya ba muƙami, gari ya karɓe shi, shi da iyalinsa, da lafiya da ciwo. Takardar gargaɗin da muka rubuta kuwa ga dogarin Corwin aka aika ta. In kun zaɓe shi, sai dai ya je ya kori kansa. Yanzu kun ji. Sai ku sake shawara."

Murna ta koma ciki. Jabez ya tuna da gwiwarsa ya zauna, sannan ya sake miƙewa yana nuna Ozias da yatsa. "Dabara ce wannan! Tuttle, da girmanka!"

"Dabara ce," in ji Ozias. "Ban musa ba. Kuma na gode da Dattijo ya tona ta, don tun ranar da na ƙulla ta ban ji daɗin abinci ba." Ya juyo ya fuskanci jama'a, hularsa a hannu, wuyansa ya yi ja. Bai taɓa yin magana mai tsawon haka a taro ba. "Abu ɗaya zan ce. Mun taɓa neman wanda zai ɗaukar mana abin da muke gudu. Ni da kai ne, Jabez, da Dattijo. Ran nan ba wanda ya tambaye shi ina ne garinsu."

Can daga baya murya ta taso, wadda ta saba magana a fili cikin iska.

"A gafarce ni, an ce kada in yi magana." Asahel ne, tsaye jikin ƙofa cikin rigar sojansa da ta koɗe. "Ban san da wannan shirin ba. Ni ba bara na zo ba. In aiki ne, zan yi shi, kuma ku sani wanda aladensa ya shiga gonar wani zan kama shi ko na waye. In kuwa tausayi ne, ku riƙe abinku, ƙafafuna biyu suna nan."

Wani tsoho ya yi dariya ya ce, "Jabez, aladenka fa ake nufi." Dariyar ta ɗan zaga ta mutu.

"Masu so su ɗaga hannu," in ji Dattijo.

Lemuel Tuttle ne ya fara, kansa a ƙasa. Sai ɗan Dattijo. Sai ɗan Jabez, yana zaune kusa da ubansa, bai ko dube shi ba. Daga nan hannuwa suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, ba da ihu ba kamar ɗazu, kowa ya san abin da yake ɗauka. Akwai waɗanda suka bar nasu a cinya, kuma ba na zarginsu, sun san abin da ya rage a rumbunansu. Jabez ya duba hagu ya duba dama, ya yi tsaki, ya ɗaga nasa zuwa kunne. A ƙarshe Dattijo Stroud ya ajiye alƙalami ya ɗaga nasa shi ma.

"Gari ya zaɓa. Asahel Crane, matso."

Ya tako tsakiyar ɗakin da takun soja ya tsaya gaban tebur. Mu a nan ba ma dafa littafi wajen rantsuwa, hannu ake ɗagawa sama a gaban Allah da jama'a. Dattijo ya rantsar da mutane fiye da yadda zai iya tunawa, bakinsa ya riga tunaninsa.

"Ɗaga hannunka na dama."

Yana faɗa ya ji abin da ya faɗa. Fuskarsa ta canza. Amma Asahel mai bin oda ne. Ya ɗaga dungun sama, hannun rigar a naɗe an soke shi da allura, ya tsaya haka ƙyam.

Wani ya yi raɗa, "Na hagun, ɗan'uwa, ɗaga na hagun."

"A'a," in ji Dattijo. "Bar shi a sama. Wannan ɗin ne ya kamata gari ya gani."

Ya karanta rantsuwar har ƙarshe, Asahel na maimaitawa. Ozias ya ji idonsa ya cika, bai kuma ɓoye ba, don ba shi kaɗai ba ne. Da aka gama ya ɗauki sandar ya sa masa a hannun hagu, ya ajiye takardar a gaban Dattijo. Tsohon ya buɗe akwatin garwashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya tura ta ciki, ya ce, "Saura maganar masu duba shinge."

Ozias bai tsaya jin wannan ba. Ya fito waje, kafaɗarsa sakayau. A gefen hanya, wajen da ake ɗaure dawakai, ya tarar da Keziah tsaye da jaririya a ƙirji. Ta jawo katakon jan kaya a kan ƙanƙara tun daga bakin daji, ta ɗaure komai nasu a kai, da bargo da tukunyar ƙarfe da gatari. Hitty na tsaye kusa da ita, da alama ta daɗe tana fama ta shigo da ita daga sanyi ta ƙi.

"To?" in ji Keziah. "Ta wace hanya za a fitar da mu?"

"Ba inda za ku, uwargida. Mijinki ne dogarin Corwin."

Ta dube shi kamar ya yi wani yare. "Har zuwa yaushe?"

"Aikin na shekara ne. Zaman kuwa har ki tsufa ki gaji da mu."

Ba ta yi godiya ba, ba ta yi murmushi ba. Ta juya ta dubi kayan da ta ɗaure, ta dubi hanyar daji.

"Na kashe wutar murhun," ta ce. "Na zuba mata ruwa da zan fito. Na ɗauka ba za mu koma ba."

"Shi ne abin damuwa?" in ji Hitty, ta karɓe igiyar kayan ta cusa wa Ozias a hannu. "Maigida, ja wannan, ai yanzu ba ka da aikin yi. Ke kuma taho mu je gidana ki ɗebi garwashi. Gobe in tawa wutar ta mutu, wurinki zan zo."

A nan ne Keziah Crane, wadda ta bi runduna shekara da shekaru ba wanda ya ga hawayenta, ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Hitty ta karɓi jaririyar, ta kama Keziah da ɗaya hannun, suka bi hanyar gida.